Kotun da Ta Ƙi Tashi

Litinin, 5 ga Maris, 1894. Da yamma.

Yau na ga sanarwar mutuwata a jarida, shafi na uku, ƙarƙashin tallan maganin tari. Majalisar jiha ta soke kotun da nake shugabanta, ta haɗe gundumarmu ta Corbet da yankin Alƙali Mabry. Wai don tsimi. Na daɗe a majalisar nan kafin jama'a su zaɓe ni alƙali, ban taɓa ganin ta yi tsimin komai ba sai gaskiya.

Tsige ni ba zai yiwu ba. Kafin a tsige alƙali sai an nemo masa laifi, a zauna, a bar shi ya yi magana, su kuwa sun san ni da magana. Sai suka bar ni a zaune, suka zare kujerar. Wanda ya kai ƙudurin shi ne Sanata Rufus Birdsall, yayan matata, mutumin da muka fara aikin lauya tare a ɗaki guda, murhu guda, kwat ɗin shiga kotu ma guda, muna karɓa-karɓa.

Ba ni suke nema ba, kada in kai kaina inda ban kai ba. Stanko Vidmar suke nema, mahaƙin kwal ɗin nan da ke kulle a ƙasan ginin kotu, wanda ake zargi da harbe mai gadin Kamfanin da ke da mahaƙar, Dell Hockaday, ranar da yajin aiki ya rikice a bakin mahaƙa. Ko shi ya yi, ban sani ba. Abin da na sani, a gabana za a saurare shi, a gaban Mabry kuwa wuyansa za a auna. Mabry mutumin kirki ne, yana son furanni, kuma Kamfani bai taɓa shiga kotunsa ya fita da ɓacin rai ba.

Amma Rufus ya daɗe bai taka kotu ba. Ya rubuta cewa kotun za ta mutu a ƙarshen zangon zaman kotu da ake ciki, a zatonsa ranar Asabar ke nan, tunda kowane zangon Maris ranar Asabar muke rufe shi, manoma su koma huɗa, lauyoyi su koma yin ƙarya a wata gunduma. Al'ada ce kawai, ba doka ba. Zango ba ya rufuwa sai alƙali ya rufe shi da bakinsa, ko kuma wata ranar aiki ta fito ta faɗi ba kowa a kujerarsa. Lahadi ba ta ciki. To, ni ba zan rufe ba, ba kuma zan yi fashi ba, sai an gama shari'ar Vidmar.

Matata Cordelia tana gidan Rufus a babban birni tun makon jiya. Ziyara ce. An sa wa tagar falonmu sabon gilashi.

Talata, 6 ga Maris. Da la'asar.

An zaɓi mutum goma sha biyun da za su ce ya yi ko bai yi ba, an rantsar da su. Yawancinsu manoma ne, sai maƙeri ɗaya, sai mai sayar da akwatin gawa, wanda na zaci lauyan Vidmar zai ƙi, bai ƙi ba. Tunda shari'ar rai ce, ba za su koma gida ba sai sun yanke. An sauke su a otal, masinjan kotu, tsoho Hosea Klink, yana gadinsu da sandarsa da kurumtarsa.

Ana gama rantsuwa Lyman Pruitt, lauyan gwamnati, ya miƙe yana gyara gashin baki.

"Ya mai shari'a, babban mashaidinmu yana kwance. Zazzaɓi."

"Allah ya ba shi lafiya. Yaushe ya yi niyyar warkewa?"

"Likita ya ce watakila Litinin."

"Litinin ɗin da ke bayan Asabar?"

"Haka Litinin ta saba zuwa, ya mai shari'a."

Aka yi dariya, har ni. Yaron yana da kai, abin takaicin ke nan. Na ba shi lokacin.

Orville Gatch, lauyan Vidmar, ya biyo ni ofis yana warin albasa da abin da ya sha don kashe warin albasar.

"Alƙali, ka kori ƙarar mana kowa ya huta. Ba su da shaida a hannu."

Na ce masa in na kora, za a ce ni, Ambrose Tolliver, na saki mutumina, kuma kafin wata ya ƙare sun sami hanyar warware abin. Amma in mutum sha biyun nan suka ce bai yi ba, babu alƙalin da zai sake tsayar da shi a kan wannan kisa har abada.

"In kuma suka ce ya yi fa?"

"To, ya yi ke nan, Orville. Ni ba lauyansa ba ne. Kai ne, Allah ya taimake shi."

Laraba, 7 ga Maris. Da rana.

Na zauna.

Juma'a, 9 ga Maris. Da yamma.

Tunda dole in zauna, sai na sa aka kwaso tsofaffin ƙararrakin da ƙura ta binne. Yau rikicin shinge tsakanin mutum biyu da dukansu sun mutu, kuma a maƙabarta ma maƙwabta ne. Na yanke cewa shingen yana nan inda yake.

Kullum da safe ina sa a hau da Vidmar, don ya ga kotu da idonsa, kotu ma ta gan shi. Ƙato ne, kwal ta shige masa fata ta yi masa zane shuɗi a goshi. Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Da ya shigo sai ya rusuna wa Hosea, a zatonsa mai sanda shi ne babba. Hosea bai gyara masa ba.

Na dafa wake da kaina. Romawa sun ci duniya da abincin da bai kai wannan ba, amma ina zaton nasu ba ya kamawa a gindin tukunya.

Asabar, 10 ga Maris. Da magariba.

Kotu ta cika maƙil, kamar ranar rataya, sai dai yau alƙali aka zo gani. Manajan Kamfani a layin gaba, Pruitt da sabon laktaye. Na saurari ƙarar wata saniya a tsanake. Da rana ta yi sanyi na ɗaga guduma, na ga wuyan kowa ya miƙe.

"Kotu za ta ci gaba ranar Litinin da ƙarfe tara."

Pruitt ya yi zumbur. "Ya mai shari'a, yau fa Asabar."

"Na gode, Mista Pruitt. Hosea, ka ji, yau Asabar."

"Amma zango..."

"Zango yana nan lafiya, yana gaishe ka."

Sai na ga abin ya sauka a fuskarsa a hankali, kamar yadda ruwa ke jiƙa bango. Ya buɗe littafin dokoki a tsaye, ya rufe. Manajan Kamfani ya fita bai ɗauki hularsa ba.

Wanda bai ji daɗi ba shi ne Lemuel Sizemore, dattijon da sha biyun suka naɗa shugabansu. Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Alƙali, ƙasa ta saki fa. Maƙwabcina har ya fara huɗa. Ni kuma ina otal ina kallon silin."

"Na sani, Mista Sizemore."

"Ba ƙorafi nake ba. Faɗa nake don ka sani."

"Na sani."

"To, ka ƙara sani."

Lahadi, 11 ga Maris. Bayan coci.

Bencinmu ni kaɗai. Na gabansa da na bayansa ma ba kowa, na sami wurin miƙe ƙafa wanda ban taɓa samu ba. Fasto ya yi wa'azi a kan girman kai, bai dube ni ba ko sau ɗaya, wanda hakan aiki ne ja wur a coci ƙarama irin tamu. Matar mai kantin magani ta tambaye ni yaushe Cordelia za ta dawo, da muryar da ake tambayar mai jinya. Na ce ziyara ce.

Talata, 13 ga Maris. Da yamma.

Zazzaɓin mashaidi ya ƙaru. Likitan Kamfani ya rantse a kan haka. Na ƙara lokaci.

Rufus ya sauka a jirgin ƙasa na rana. Ya shigo ofis bai ƙwanƙwasa ba, ya zauna a kujerar da ya saba, ya ajiye mini sigari a tebur.

"Brose, ka rame."

"Kai kuma ka yi doka."

"Kada ka fara."

"Ban fara ba. Da ka kawo mini na duba maka ita kafin ka kai, kamar da. Ka manta ni nake gyara maka takardu?"

Ya yi dariya, don ba ya iya hana kansa, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Akwai gurbi a kotun ƙoli ta jiha. An yi magana, an amince, nawa ne. Rantsuwa ranar Alhamis da hantsi, a babban birni.

"Alhamis ranar aiki ce, Rufus."

"Rana ɗaya ce tak."

"Ai ita ɗayar kuke nema."

Ya tashi ya je taga. Ya ce ba don Kamfani yake yi ba, kuma na yarda rabin zuciyarsa ta gaskata haka. Ya ce in Kamfani ya rufe mahaƙa, garin nan ciyawa za ta cinye shi. Ya ce tun muna yara burina kotun ƙoli, har kwaikwayon tafiyar alƙalanta nake yi a bayan ɗakin karatu. Wannan gaskiya ne, kuma rashin kunya ne ya tuna.

"Duk saboda wani baƙo da ko sunansa ba ka iya faɗa daidai?"

"Sunansa ba wuya. Naka ne ya fara yi mini nauyi a baki."

"Dutsen da aka jefa ta tagar falonka ya wuce kan ƙanwata da tazarar tafin hannu, Brose. Tana zaune tana ɗinki. Na gaba ba taga zai samu ba."



Ban tambaye shi lafiyar Cordelia ba. Shi ya faɗa, yana sa hula: tana ɗan tari. Na ce iskar birni ce.

Ya bar sigarin. Na ba Gatch.

Alhamis, 15 ga Maris. Da hantsi.

A daidai wannan lokaci da ina can ina rantsuwa. Ina nan ina sauraron wanda ya saci ƙofar rumbu ya bar masarar. Na zauna.

Juma'a, 16 ga Maris. Da yamma.

Matar Hockaday tana zuwa kullum, baƙaƙen kaya, layin gaba, ba ta magana da kowa. Yau ta tsaya mini a matakala.

"Alƙali, duk gari maganar kujerarka ake yi. A kanti ita, a coci ita. Wasu na cewa ka burge, wasu na zaginka. Ba wanda ya ƙara ambaton Dell."

Na cire hula. Ina da amsa ga Pruitt, ina da amsa ga Rufus, ina da amsa ga majalisa gaba ɗayanta. Na ce mata za a yi shari'ar, kuma za a yi ta sosai. Ta ce, "Yaushe?" Ta sauka ba ta jira ba.

Babban yatsan ƙafata ya kumbura. Likita ya ce in kwanta mako guda. Na tambaye shi ko shi ma an yi masa alkawarin kotun ƙoli. Bai gane ba, bawan Allah, da gaske yake.

Asabar, 17 ga Maris. Tsakar rana.

Saƙon tangaraho daga Rufus. Cordelia na kwance, abin ya sauka huhu, tana kirana.

Na riga na zauna da safe, yau ta samu. Akwai jirgin la'asar. Akwai na dawowa gobe Lahadi da yamma. Gatch ya ce tarko ne. Na ce na sani. Ya ce to? Na ce to.

Litinin, 19 ga Maris. Da magariba.

A tsaye nake rubuta wannan.

Ciwon gaskiya ne. Na same ta an tokare ta da matasai, fuskarta ta faɗa, numfashinta yana ƙara kamar ana jan zarto a nesa. Na tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu kamar mai neman aiki. Ta buɗe ido ta dube ni tun daga takalmi.

"Mista Tolliver. Wa ka bar wa kotun?"

"Gobe Lahadi."

"Na san kwanaki. Me ya kawo ka?"

"An ce kina kirana."

Ta juya kai ta dubi yayanta. Rufus ya shiga duban labule kamar yau aka saka shi.

"Na ce ina Ambrose, a cikin zazzaɓi. Na kuma ce ina mahaifiyarmu. Ita ma ka aika mata?"

Na kwana a kujera kusa da ita. Abin da muka faɗa ba na littafin nan ba ne.

Lahadi da rana yaron tasha ya kawo labari: an soke jirgin yamma, ana gyaran gada, na Litinin ma sai an gani. Layin dogon, rabinsa na Kamfani ne. Rufus ya rantse bai san da wannan ba. Watakila. Akwai mutanen da ake yi wa alheri ba a gaya musu.

Cordelia ta sa aka ɗaga ta zaune.

"Ban yafe maka ba, kada ka ɗauka. Na roƙe ka ka miƙa wa wani shari'ar nan, ka tsaya kana yi mini lacca a kan Romawa, gilashi a cinyata. Amma ba za a rataye mutum da huhuna ba. Rufus, a ɗaura masa goɗiyata a keken doki."

"Delia, hanyar nan taɓo ce har gwiwa. Mutumin nan ko takalmi ba ya iya sawa."

"Goɗiyar taka ce ko tawa?"

"Taki ce."

"To, me kake tsaye yi? Kai kuma daina kallona haka, ba mutuwa zan yi ba. Ba zan ba ka wannan uzurin ba."

Ba zan rubuta hanyar ba. Ƙafar keke ta karye a mashigin rafi yau da hantsi, na bar shi can, na hau goɗiya ba sirdi, abin da rabona da yi tun ina da gashi. Wani manomi ya tambaye ni ko daga gidan mahaukata na gudo. Na ce a'a, can za ni.

Da na shigo gari rana ta sauka kan rufin tasha, ta yi ja. Mutane sun yi layi a bakin titi. Pruitt yana tsaye a tagar kotu da agogo a hannu. Gatch da wani maƙeri na gari, ba na cikin sha biyun ba, suka sauke ni, suka hau da ni bene kamar buhun dankali. Hosea ya buga sanda ya yi shelar buɗe kotu da ƙarfin da ban san yana da shi ba, don ba ya jin kansa.

Na zauna, in za a kira abin da na yi zama. Taɓo yana ɗiga daga gemuna kan takardu.

"Mista Pruitt, rana ta faɗi?"

Ya duba taga. Ina yaba masa, bai yi ƙarya ba. "Da saura, ya mai shari'a."

"Madalla. Ranar Alhamis ka kawo mashaidinka. In ba ya iya tafiya, a kawo shi da gadonsa. Ni ma ɗauko ni aka yi."

Talata, 20 ga Maris. Da rana.

Na zauna, a kan matashi. Ba saƙo.

Laraba, 21 ga Maris. Da rana.

Ba saƙo. In da abin ya yi muni da Rufus ya aiko, ko don in taso.

Alhamis, 22 ga Maris. Da yamma.

Mashaidi ya warke. Zazzaɓin ya karɓe shi, har kumatu ya yi, rana kuma ta ƙona masa wuya daidai inda take ƙona masu kamun kifi.

An fara. Ba zan rubuta shaidar a nan ba. Alƙali ba shi da ra'ayi, ko a littafinsa na aljihu. Zan dai ce an yi harbin da magariba, cikin hayaƙin rumfar da aka ƙona, da mutane sun fi ɗari a bakin ƙofa, kuma masu gadi uku sun ba da labarin da kalmomi iri ɗaya, har inda suke tsayawa su ja numfashi. Zan kuma ce Vidmar yana wurin, bai musa ba, kuma an taɓa jin sa yana cewa wata rana sai an yi jini. Gatch bai sha komai ba tun Litinin, hannunsa na rawa, kansa kuwa garau.

Na dakatar da Pruitt sau da yawa, na dakatar da Gatch fiye da haka. Matar Hockaday tana kallona duk lokacin da na yi.

Asabar, 24 ga Maris. Da la'asar.

Saƙo, ba daga Rufus ba. Ta sha romo. Tana tambaya ko an ba goɗiyarta hatsi.

An ba ta. Na je da kaina na ƙara mata.

Litinin, 26 ga Maris. Da yamma.

Lauyoyi sun rufe bayani. Na karanta wa sha biyun doka a hankali, ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Hosea ya kulle su a ɗakin sama. Ta silin muna jin takun takalma, da wata murya da ke tashi tana sauka, ina zaton ta mai akwatin gawa ce.

Da la'asar Sizemore ya aiko Hosea. Suna son taba, kuma suna son a gaya musu ko an yi ruwa a kudancin gunduma. Na aika da taba. Na ce batun ruwa ba ya cikin shaida.

In suka kasa haɗa baki, shari'ar ta rushe, sai a sake sabuwa, kuma ba ni zan yi ta ba. Ban faɗa wa kowa wannan ba. Kowa ya sani.

Talata, 27 ga Maris. Da sassafe.

Gatch ya same ni ina aski. Pruitt yana da waranti a aljihu, sa hannun Mabry, a kan tayar da tarzoma. Ko sha biyun sun wanke Vidmar daga kisa, da zarar na rufe zango ikon Mabry ya hau kan gundumar nan, a kama shi a matakala. Tarzoma ba ta kai rataya ba, amma ɗaurin da Mabry zai yi masa a kurkukun da masu gadin Kamfani ke shiga su fita, Gatch ya ce ba ya zaton mutumin zai ga damina biyu.

Na tambaye shi nisan mashigin kogi, inda jirgin fito ke ƙetarawa zuwa jihar da ke gaba. Ya ce da keken alfadarinsa, a wannan taɓo, daga azahar sai dai la'asar.

Na yanke kaina a haɓa.

Talata, da magariba.

Sun sauko da tsakar rana. Sizemore ya miƙe da takarda a hannunsa.

"Ba mu same shi da laifi ba, Alƙali. Za mu iya tafiya?"

Tafinta ya faɗa wa Vidmar. Ya tsaya kamar an buga masa gungume, sannan ya juya ya rusuna, wannan karon gare ni. Matar Hockaday ta tashi ta fita a hankali, aka buɗa mata hanya. Har yanzu ba wanda ya gaya mata wanda ya kashe mijinta, ni ma ba ni da abin gaya mata.

Na sallami Vidmar. Na umarci Hosea ya raka shi duk inda za shi da sunan kotu, ya dawo ya ba ni rahoto. Suka fita da Gatch. Na sallami sha biyun da godiya.

Pruitt ya miƙe, hannu a aljihun ƙirji. "Ya mai shari'a, babu sauran ƙara a gaban kotu."

"Akwai ban kwana, Mista Pruitt. Ba kullum ake soke mutum ba."

A majalisa na koyi abu ɗaya mai amfani, yadda ake riƙe magana har lokaci ya ƙure wa abokan hamayya. Kada ka sha ruwa da yawa. Kada ka yi tambayar da wani zai amsa. Kada ka kuskura ka ce "daga ƙarshe". Na fara da tarihin ginin kotun, wanda ya ƙone da wanda ya gaje shi. Na bi alƙalan da suka gabace ni ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya yi wata biyu ya gudu da matar mai otal. Na shiga Romawa, na daɗe a cikinsu, yau ba mai hana ni. Na yaba wa Pruitt, na yaba wa mahaifinsa, na yi bayanin yadda kakansa ya kawo irin tuffa mai tsami gundumar nan.

Pruitt ya zauna, ya tashi, ya aika ɗan sanda ya bi su, ya kira shi ya dawo, don takardar aljihunsa ba ta fi takardar ƙunshe nama ba muddin bakina na motsi.

Wajen la'asar murya ta fara tafiya, kaina kuma ya zama fanko. Na buɗe baki ban sami komai a ciki ba. Pruitt ya fara miƙewa.

Sai na ji daga baya: "Alƙali!"

Lemuel Sizemore ne. Na zaci ya yi nisa tuntuni. Yana zaune a bencin ƙarshe da hularsa a gwiwa, da maƙerin cikinsu, da mai akwatin gawa.

"Ba ka ba mu labarin shekarar da kogi ya shigo kotu ba. Ni lokacin ina yaro, ban riƙe da kyau ba."

"Gonarka fa, Mista Sizemore?"

"Ta jira mako uku. Ba ƙorafi nake ba. A fara daga farkon ruwan, Alƙali, kada a tsallake."

Ban tsallake ba. Na ba su ambaliyar nan ɗigo ɗigo.

Rana na gab da faɗuwa Hosea ya dawo a kan dokin aro, ya shigo, wandonsa jiƙe da ruwan kogi har cinya. Ya tako tsakiyar kotu, ya buga sanda, ya yi ihu kamar ina wancan ƙetaren.

"Ya haye, Alƙali! Ya ce a gaishe da ƙaramin alƙalin!"

Na buga guduma. Da ɗan abin da ya rage na murya na ce zangon Maris ya ƙare, kotu ta tashi. Ba a yi tafi ba, ba a yi komai ba. Wani ya yi tari.

Da na sauko, a matsayina na lauya mai zaman kansa, na roƙi Pruitt ya nuna mini warantin. Ya miƙo. Na karanta shi daga sama har ƙasa, na mayar masa, na taya shi murna. Aiki ne mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya, kuma daga yanzu yana da cikakken iko a kan kowane Stanko Vidmar da ke cikin jihar nan.